Rasit ɗin da Na Jefa a Akwatin Masallaci

Manfuha, Riyad
Juma'a, bayan La'asar

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake ɗazun nan muka rabu, ka fita yi wa abokan aikinka na asibiti sallama. Allah Ya tsare min kai a sama da ƙasa, Ya sauke ka Ostareliya lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba.

Na san za ka yi dariya. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, tsakanin gadona da naka bai fi taku uku ba, amma wai sai an rubuta wasiƙa. To, ai ka san halina. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka. Sunan nan ma ban taɓa kama shi da bakina ba, balle in zaunar da kai in buɗe maka cikina. Shekara huɗu ke nan tun da ka zo garin nan aikin jinya muna cin abinci a faranti ɗaya, amma hirarmu ba ta wuce zafin gari da tsadar tumatir. Abin da baki ya kasa, bari in ga ko biro zai iya. Zan sa takardar a ƙarƙashin sallayarka a cikin akwati. Kilishin da mahaifiyarka ta aiko kuwa na riga na cire shi, domin an ce can ba a shiga musu da nama. Kada ka damu, ba zai lalace a hannuna ba.

Shekaranjiya da rana kana waya da abokinka Nura, wanda ya riga ka zuwa can. Ka ɗauka ƙailula nake yi, amma idona ne kawai a rufe. Na ji yana gaya maka asibitin da ya ɗauke ka yana son nas ɗin da ke aiki a ɗakin masu ciwo mai tsanani ya ƙaro karatu, kwas na shekara guda, kuma daga aljihunka za ka biya. Ka ce ba za ka yi ba, gara ka tara kuɗin ka rufe gidanmu na Funtuwa, tsoho ya koma gida ya huta. Nura ya ce ai a can, in ka kashe kuɗi kan karatun da ya shafi aikinka, kana iya gabatar da shi a rage maka haraji. Sai na ji ka ce:

"Ni ban je ƙasar mutane don in riƙa bin gwamnati da 'yan takardu kamar mai roƙo ba."

Wallahi Abba, da na ji haka sai na ji kamar muryata ce ta fito daga bakinka. Na taɓa faɗin kusan wannan maganar shekara ashirin da suka wuce, kuma har yau ina biyan kuɗinta. Shi ya sa na zauna rubutun nan.

Ba zan yi maka ƙaryar ilimi ba. Ni ban taɓa biyan harajin albashi ba, tunda ƙasar nan ba sa yanka shi. Namu yana ɓuya ne a kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, da kuma ƙasan rasit ɗin kanti. Don haka jiya na shiga motar kamfani daga sitonmu na Birnin Masana'antu na Biyu har babban ofishinmu na Ulaya, na sami Ustaz Usman, akantan nan ɗan Sudan da ka taɓa auna wa hawan jini. 'Yarsa tana aure a can inda za ka, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin dokar kuɗi bai karanta ta ba. Ya ba ni shayi, ya yi min bayani dalla-dalla kamar mai koya wa jikansa.

Ga abin da na fahimta. Kafin albashinka ya shigo hannunka an riga an cire haraji. A ƙarshen shekararsu ta haraji kowa yana cika takarda ya faɗi abin da ya samu da abin da ya kashe don samun nan. In ka biya kuɗin karatun da zai ƙara maka ƙwarewa a aikin da kake yi, sai a cire wannan kuɗin daga jimillar da ake lissafa wa haraji. Ba duka kuɗin kwas ɗin za a mayar maka ba, kada ka sa ran haka ka zo kana ɓacin rai. Harajin da aka riga aka karɓa a kan wannan kason ne zai dawo. Ya ce littattafai ma suna iya shiga, da wasu kayan karatu, har da wani ɓangare na zirga-zirga, amma ya ja kunnena in gaya maka ka tabbatar da komai a can, wurin wanda yake da lasisin wannan aiki, domin doka tana canzawa, shi kuma daga nesa yake hango ta. Da ya gama sai ya cire tabarau ya dube ni, ya tambaye ni ko ɗana ya san labarina. Na ce bai sani ba. Ya ce to in gaya maka, ya fi duk bayanin da ya yi amfani.

Ga labarin.

Shekarata ta uku a garin nan, ina tuƙa rafi'a, motar nan mai ƙaho biyu da muke ɗaga kaya da ita a sito, sai na ji kamfani yana mayar wa ma'aikaci kuɗin kwas in ya kawo rasit. A lokacin ina mafarkin buɗe shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Funtuwa. Ban tambayi kowa ba na je na yi rajistar kwas ɗin gyaran, na biya, na yi wata uku ina zuwa bayan tashi daga aiki. Da na gama na ɗauki rasit na nufi ofishin Ustaz Usman ina taƙama. Ya duba, ya tambaye ni ko a sito akwai na'urar da aka ce in gyara. Na ce babu. Ya ce to kamfani yana biyan karatun da ya shafi aikin da mutum yake yi ne, ba wanda yake shirin gudu ya koma ba. Mutumin gaskiya ya faɗa, cikin ladabi ma ya faɗe ta, amma ni na fito ina huci. Na je na gaya wa duk Bahaushen da ke sito cewa maganar mayar da kuɗi yaudara ce, kada wanda ya wahalar da kansa.

Abin da ban tsaya na saurara ba ran nan, shi ne abin da Ustaz Usman ya sake gaya min jiya game da inda za ka. Can ma haka ne. Karatun ya zama yana da alaƙa da aikin da kake ci da shi yanzu. Kwas ɗin ɗakin masu ciwo mai tsanani, kana nas a wannan ɗakin, ya shiga. Amma in wata rana sha'awar nan taka ta ɗaukar hoto ta motsa ka je ka biya makaranta, ka yi abinka don jin daɗi, kada ka kai musu rasit. Kuma ka tambaya kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Matambayi ba ya ɓata, ni kuwa na ɓata ne saboda ina ganin tambaya ragi ce ga namiji.

Bayan shekara biyu aka kawo kiren a sito, babban injin ɗaga kaya mai tafiya a saman rufi. Aka ce duk wanda yake da shahada, wato takardar shaidar iya tuƙa shi, za a ƙara masa matsayi, daga nan kuma hanya ce ta zama mai kula da sashe. Wannan karon na yi dabara, na zaɓi karatun da ya dace. Na sami wata ƙaramar makarantar koyon sana'a, na zuba ajiyar wata biyar, kuɗin da na yi niyyar tura wa mahaifiyarka ta sayi bulo. Kai a lokacin kana aji biyu na firamare. Na yi karatun nan da gaske, Abba. Ni ne na biyu a jarrabawa, kuma wanda ya riga ni ɗan ƙasa ne da aka haife shi da Larabcin.

Ranar da na biya kuɗin suka ba ni fatura, wato rasit, wata farar takarda mai faɗi. A samanta an buga Bismillahi da manyan baƙaƙe, kamar yadda suke yi a takardunsu na lokacin. Ka san yadda aka rene mu. Kakanka, mai sunanka, in ya ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ko ta kwalin shayi ce, sai ya duƙa ya ɗauke ta ya soke a jikin katanga. Da na zo ƙasar nan na sha wahala a watannin farko, domin komai da Larabci yake, har ledar burodi. Abokan ɗakina suna ta yi min dariya ina tsince-tsince a titi. Daga baya na rage, amma takarda mai sunan Allah ban iya barinta ta yi yawo ba.

Faturar nan ta yi mako biyu a aljihuna tana shan gumi. Ɗakinmu na lokacin mu shida ne, ba kabad, ba akwati mai makulli, takalma a ko'ina. Kullum ina tsoron ta faɗi wani ya taka. A masallacin unguwa akwai wani akwatin ƙarfe a bakin ƙofa da ake zuba tsofaffin takardu masu sunan Allah, a kwashe su a je a ƙone ko a binne cikin mutunci. Wata Juma'a irin ta yau na tsaya a gabansa, na ce a raina ai kamfani ba ya biya, na riga na gwada. Na ninke ta na zura ta ta kafar akwatin. Har wani sanyi na ji a zuciyata, na tafi gida ina ganin na yi aikin lada.

Da na kai shahadata ofis, Ustaz Usman ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce mabruk, wato barka, wannan karon na yi daidai. Ya ce in kawo fatura kafin ƙarshen wata mai zuwa, kamfani zai mayar min da kuɗina gaba ɗaya. Na fita da gudu zuwa masallaci, ladan ya ce an kwashe akwatin tun makon jiya.

Ban ce girmama sunan Allah kuskure ne ba, Allah Ya kiyaye. Kuskurena shi ne na ɗauka hanyar girmama takarda ɗaya ce tak, wato a rabu da ita. Da na sayi fayil na riyal biyu na sa ta ciki na rataye a ƙusa, da na girmama sunan, na kuma tsare haƙƙin iyalina. Don haka duk takardar da aka ba ka a kan karatun nan, ta rajista, ta littafi, ta jarrabawa, ranar da aka ba ka ita ka ɗauki hotonta da waya, sannan ka adana ta. 'Yan ƙananan nan da inji ke fitarwa su ne maciya amana, rubutunsu yana gogewa da kansa, na sha ganin haka a aljihun mota. Kuma kada ka zubar da su don an biya ka. Ustaz Usman ya ce suna iya dawowa bayan shekaru su ce ka nuna, ka tambaya shekara nawa dokarsu ta ce a ajiye.

Da a nan labarin ya tsaya, da da sauƙi. Maganin abin a fili yake: in koma makarantar in ce su ba ni kwafi. Malam Issufu, mutumin Maraɗin nan da har yanzu muke sallah sahu ɗaya, ya ce in shirya ya raka ni. Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ina tunanin yadda zan tsaya gaban magatakardan nan in ce na jefar da takardar kuɗina da hannuna, ya dube ni ya ce Takari, kamar yadda suke kiran irinmu, bai san darajar takarda ba. Da Malam Issufu ya matsa min, sai na ɗaure fuska na ce masa ni ban zo ƙasar nan roƙo ba, abin da ya wuce ya wuce. Ya girgiza kai ya ce:

"Malam Sule, wanda ya je karɓar kayansa ba maroƙi ba ne. Maroƙi shi ne matarka, in ta je neman bashin bulo."

Na yi kwana uku ba na gaishe shi. Sai da wa'adin ya rage mako ɗaya na haɗiye girman kaina na tafi ni kaɗai. Na tarar da ƙofa a rufe, an manna sanarwa cewa sun tashi, ba a faɗi inda suka koma ba. Mai shagon kusa ya ce kwana goma ke nan da suka kwashe kaya. Kwana goma, Abba. Ranar da Malam Issufu ya fara cewa mu je, suna nan.

Ka ji dalilin da ya sa maganarka ta shekaranjiya ta tsaya min a wuya. Muna da wata kunya da muke ɗauka mutunci ce, alhali wani lokacin girman kai ne ya sa rawani. Kunya tana da wurinta, gaban surukai, gaban abincin mutane. Amma kuɗin da aka yanka daga guminka, doka da kanta ta ce in ka yi kaza a mayar maka da wani abu, karɓarsa ba roƙo ba ne. Ba alfarma za su yi maka ba, kuma ba wanda zai raina ka. Su kansu 'yan ƙasar haka suke yi, likitansu da mai shararsu. In ka bar shi ba wanda zai ce Abba mutumin kirki ne, ba ma wanda zai san ka bari.

Yanzu na zo wurin da na fi jin nauyi. Wannan ko mahaifiyarka ba ta sani ba, kuma ina roƙonka ya tsaya tsakaninmu.

Da na ga kuɗin wata biyar za su tafi, sai wani abokin hira ya ce ya san wani mutum a wani lungu a unguwar Batha da yake rubuta kowace irin fatura, da hatiminta da komai. Na ce a raina ai ba ƙarya zan yi ba, na biya kuɗin nan da gaske, takarda ce kawai zan maye. Haka Shaiɗan yake shigowa, da sallama. Na je. Mutumin ya tambaye ni nawa zai rubuta, na faɗa masa gaskiyar abin da na biya. Ya yi dariya ya ce kowa yana ƙara wani abu, ko don ya fanshe ladan aikinsa. Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina, domin ina kallo ya ƙara, na karɓa, na biya shi na fito.

Ustaz Usman bai yi minti ɗaya yana dubanta ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata fatura ta wani Bafilifine da ya yi kwas ɗin tare da ni, ya ajiye su gefe da gefe. Hatimin ba iri ɗaya ba, kuɗin ba iri ɗaya ba. Ya tashi ya rufe ƙofa. Na ɗauka shi ke nan, za a kira mudir, wato manaja, a soke iƙamata, in koma Funtuwa da sunan ɓarawo. Ban taɓa jin ƙasa ta yi min nisa kamar ran nan ba. Sai ya ce da ni a hankali:

"Ya Sulaiman, da ka zo ka ce min ta ɓata, da na rubuta wa mudir cewa na ga shahadarka kuma na san farashin kwas ɗin. Me ya sa ba ka zo ba?"

Ya yayyaga takardar ya zuba a kwando, ya ce ba zai gaya wa kowa ba, kuma bai gaya ba. Amma ya ce ba zai iya sa hannu a kan sunana a jerin waɗanda za a ba amanar sashe ba, domin mai kula da sashe shi ke sa hannu a takardun kaya. Ban ga laifinsa ba. Aka ba Bafilifinen kiren, bayan shekara uku ya zama shugabana. Garin neman gira na rasa ido.

Inda za ka ma akwai irin mutumin Batha, sai dai shi zai sa kwat ya zauna a ofis mai sanyi, ko kuma ya zo maka a siffar ɗan'uwa mai son taimako. Zai ce ka ƙara kaza, ka sa kwamfutarka gaba ɗaya a matsayin ta karatu alhali rabin lokaci ƙwallo kake kallo da ita, ka sa kuɗin da asibiti ya riga ya mayar maka. Kada ka yarda. Abin da wurin aiki ya biya maka ba naka ba ne da za ka sake nema. Abin da kake amfani da shi don karatu da kuma don kanka, ka raba, ka faɗi kason karatun kawai. In takarda ta ɓata ka je ka ce ta ɓata, ka tambayi abin da za a karɓa a madadinta. Kai baƙo ne, kuma lasisin jinyarka a kan amana yake tsaye. Ka nemi naka duka, kada ka bar ko kwabo, amma kada ka ɗora ko kwabo a kai.

Babban kuskuren kuwa ba faturar ba ce, abin da na yi bayanta ne. Na yi fushi da karatu gaba ɗaya, kamar shi ya yi min laifi. Bayan wasu shekaru Ustaz Usman da kansa ya kira ni ya ce abin da ya wuce ya wuce, ga wani kwas na kula da sito, in je kamfani zai biya. Na ce na gode, na tsufa. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin. Kunyarsa nake ji, ba tsufa ba. Haka na zauna a kan rafi'a, yara suna zuwa ina koya musu aiki suna wuce ni. Albashin da ya kamata ya gina gida a shekara goma ya kasa rufe shi a shekara ashirin da biyar.

Ka san abin da wannan ya ci min? Ba kuɗi ba. Ban ga ranar da ka fara tafiya makarantar kwana ba. Auren ƙanwarka a waya na halarta, ina tsaye a bayan sito ina toshe kunne ɗaya saboda ƙarar injin. Mahaifiyarka ta tsufa ina jin muryarta tana canzawa daga wata zuwa wata, in na je hutu sai mu yi kwana biyu muna jin nauyin juna kamar baƙi. Kafin ka zo, na yi shekaru ina dafa shinkafa gwangwani ɗaya in ci ina kallon bango. Shekara huɗun nan da ka yi a ɗakin nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan, ko da ban taɓa gaya maka ba. Ina jin motsin makullinka a ƙofa in yi sauri in ɗauki carbi don kada ka gane jiranka nake yi. Ranar Talata in na dawo daga filin jirgi, na san gwangwani ɗaya zan koma aunawa, kuma ina jin tsoron ranar. Na faɗa maka ne don kada ka ɗauka ban san abin da nake cewa ba a magana ta gaba.

Ka yi kwas ɗin nan. Na gode da niyyarka ta rufe gida, Allah Ya saka maka, Ya ba ka masu yi maka. Amma in ka bar karatun don ka mayar da ni gida da wuri, za ka sayo min shekara biyu ne da shekara ashirin naka. Na san wannan cinikin, na taɓa yin irinsa, kuma faɗuwa ce. Ba na son wata rana ka zauna a wani ɗaki a can kana rubuta wa ɗanka irin wannan takarda.

Kuma don kada ka tsaya yi min gardama a waya, na riga ka. Jiya da na fito daga wurin Ustaz Usman ban wuce gida ba, na hau bene na gaba na sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyu. An buga hatimi, ba a fasawa. Don haka ko ka turo kuɗin rufi gobe, tsoho ba zai koma ba sai wa'adinsa ya cika. Na gaya wa mahaifiyarka da safen nan. Ta ce in dai don karatun Abba ne, damina biyu ba ta kashe bango. Ka kira ta in ka sauka, kada ka tayar mata da maganar.

A ƙarƙashin wasiƙar nan za ka ga fayil shuɗi mai aljihu ashirin, na saya a kantin ɗan Bangaladesh ɗin nan da ke ƙasan benenmu. A aljihun farko na sa maka shahadata ta kiren. Ka duba ta, sabuwa fil, ba ta taɓa yi wa kowa aiki ba. Sauran sha tara naka ne. Ranar da ka biya kuɗin rajista, ka sa rasit ɗin a aljihu na biyu, ka ɗauki hotonsa ka turo min. Kada ka haɗo da kuɗi, hoton kawai nake so. Zan kai wa Ustaz Usman ya gani, in kuma nuna wa Malam Issufu, don ya san maganar da ya yi min shekara ashirin da suka wuce ta sami mai ji.

Ka riƙe sallah a kan lokacinta ko da kai kaɗai ne a garin. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana. In kaɗaici ya dame ka kada ka ɓoye kamar ubanka, ka kira, ko ba ka da abin faɗa. Malam Issufu yana ta cewa in sa wani a gadonka a rage min kuɗin haya, na ce masa a bari tukuna.

Na ji an fara kiran Magariba, kuma na san yanzu za ka shigo, bari in ɓoye takardar. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a karatunka da guminka, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Allah Ya sa in sake jin motsin makullinka a ƙofa, wannan karon ƙofar gidanmu. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min shekarun da ban kasance ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sulaiman